Bindigar Marlys Mai Cije Kwanso

Marlys Hruska ta haura sittin kafin ta mallaki ƙaramar bindiga tata ta kanta. Da ta ajiye tuƙin motar 'yan makaranta, zaman gida ya ishe ta, sai yayanta Vernell ya ja ta zuwa filin harbi na ƙungiyarsu da ke bayan wurin gwanjon shanu. Can tsofaffin garin ke taruwa duk Asabar suna harbin faya-fayan ƙarfe suna yi wa juna tsiya. Tun ranar farko da ta ji faifai ya yi ƙara ya kife, abin ya shiga ranta.

Sai dai bindigar da ta saya ta zame mata ciwon kai. Irin mai ɗana kanta ce, da ka harba marfin sama zai ja da baya, ya tofar da kwanson harsashi, ya ɗauko sabo. A hannun Marlys kuwa, ba ta yin nisa sai kwanson ya maƙale a ƙofar fita, ya tsaya a karkace kamar taba a bakin tsoho.

"Yaya, ta sake," in ji ta.

Vernell ya karɓa, ya gyara zaman hularsa, ya zazzage harsasan duka a kan ƙarfe ba tare da ta yi ko tari ba.

"Lafiyarta ƙalau. Ke ce dai jininku bai haɗu ba."

"To ni me na yi mata?"

"Ƙila ta ji labarin yadda kike yi wa yara tsawa a mota."

Maganin Vernell ɗaya ne ga kowace cuta, daga tarakta har ƙyauren gareji: mai. Ya tuttula wa bindigar mai har yana ɗiga ta gwiwar hannunsa. Iskar jiharsu ta Nebraska ta kwaso yashi ta manna a kai. Harbin farko man ya fantsamo wa Marlys a tabarau, na gaba kuma marfin ya tsaya a rabin hanya ya ƙi rufewa. Ta ajiye bindigar a kan tebur, bakinta na kallon tudun ƙasa, ta ce ita kam ta gama, gara ta koma saƙa.

Twila Ostrander ce ta hana ta tafiya. Ita ce mai kula da tsaron filin, tsohuwar soja ce da yanzu take raba iskar gas a gonaki. Ta daɗe tana kallonsu daga gefe tana danne dariya.

"Anti Marlys, ba ni ita tukuna. Kawu Vernell, soya ta za ka yi ne?"

Ta cire gidan harsashi, ta leƙa ciki ta tabbata babu komai, ta warware bindigar ta goge ta tas da tsumma. Sannan ta ɗiga mai kaɗan a kan layukan da marfin ke bi, ta shafe da yatsa. Ta haɗa ta, ta mayar wa Marlys ta ce ta harba. Twila ba faifan ta kalla ba, hannuwan ta zuba wa ido. Kwanso ya sake cijewa.

"Na gani. Anti, kina riƙe ta kamar ɗan tsako. In ta buga, wuyan hannunki sai ya bi ta. Marfin nan yana son abu mai ƙarfi a bayansa da zai dogara, in bai samu ba ƙarfinsa ya ƙare a hanya."

"Hannun tsohuwa ne, Twila. Haka Allah ya yi shi."

"Wace tsohuwa? Ranar da ƙanƙara ta rufe hanyar gada, ina cikin motarki. Yaya kika riƙe sitiyari?"

Marlys ta kalli hannuwanta. Ta tuna ranar, yara na ihu a baya, motar na neman zamewa. Ta ɗaga hannun dama can sama a mariƙin, ta rufe da na hagu, ta ƙame wuyan hannu, ta ɗan ranƙwafa gaba. Ta harba har gidan harsashi ya ƙare, kwansuna na tsalle gefe ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye bindigar, ta cire abin toshe kunne, ta saki wata irin guɗa da ta sa karen wani ya shige ƙarƙashin mota.

Twila ta ce saura abu guda, domin kowace bindiga tana da ranar cijewarta. Ta ba ta harsasan roba marasa albarushi, ta riƙa cusa su a tsakanin na gaske ba tare da ta gaya mata inda suke ba. In kunamar bindigar ta yi ƙas babu ƙara, sai Marlys ta janye yatsa, bakin bindiga na gaba, ta doki gindin gidan harsashi da tafin hannu, ta ja marfin da ƙarfi ta sake shi, ta duba, ta ci gaba. Ta kuma nuna mata yadda ake yi in harsasai biyu suka yi karo a ƙofa.

"Amma in kika ji ƙara 'yar ƙarama, ba irin ta kullum ba, kada ki sake harbawa," in ji Twila. "Ki tsaya ki kira ni. Ƙila harsashi ne ya kwanta a cikin bututu."

A gida Marlys ta kulle harsasan gaske a wani ɗaki, ta riƙa gwadawa da na roba a kicin yayin da take jiran burodi ya tashi. Kyanwarta ta koyi farautar su a ƙarƙashin firji.

Ranar gasar harbi ta lokacin kaka filin ya cika da motocin a-kori-kura. Ardith, matar Vernell, ta kafa tukunyar wake da nama mai yaji a ƙarƙashin rumfa, ga burodin kirfa a gefe. Da aka kira Marlys ta fito ta tsaya a kan layi. Aka busa usur, ta fara, faya-fayai suna kifewa. Tana tsakiya sai kunama ta yi ƙas. Kafin tsoro ya iso mata, hannuwanta sun riga sun doka, sun ja, mataccen harsashi ya faɗi a yashi, ta kifar da ragowar. Sai da Twila ta sa ta nuna bindigar babu komai ta mayar da ita kube, sannan ta ji tafin mutane.

"Ƙanwata ce!" Vernell yana faɗa wa kowa. "Ni na koya mata!"

Nasa layin ya zo. Ya shiga da taƙama, ya harba kaɗan, sai tasa ta shaƙe, harsasai biyu suka yi karo a ƙofa ɗaya. Wani tsohon gidan harsashi ne da sifirinsa ya mutu, Twila ta sha ce masa ya jefar. Ya doka, ya ja, abin ya ƙara cushewa.

"Yaya, wannan ba ta doka ba ce!" Marlys ta ɗaga murya daga bayan igiya. "Kulle marfin a baya, ka fizge gidan, ka ja ta ka sake ja! Ko in zo in riƙe maka?"

Filin ya kwashe da dariya. Vernell ya bi abin da ta ce, kunnuwansa sun yi ja wur, ya sa wani gidan ya ƙarasa. Da ya fito ya cire hula ya rusuna mata, shi ma yana dariya har da hawaye.

Babu wanda ya ci kyauta a cikinsu. Sunayensu suna can ƙasa a jerin sakamako, nata a saman nasa, kuma ta tabbatar duk wanda ya zo karɓar abinci ya ji haka. Ardith ta cika mata kwano, ta ɗora mata burodi mafi girma, sannan ta matso ta rage murya.

"Marlys, Asabar mai zuwa ki biyo ta gida ki ɗauke ni. Tun aurenmu nake dafa wa mutanen nan wake, ban taɓa harba ko ɗaya ba."

"Yaya ne zai koya miki?"

"Allah ya kiyaye. Ke nake so."

Vernell ya juyo da cokali a baki yana tambayar me ake ƙullawa. Suka ce masa maganar mata ce, ya ci abincinsa.