Jadawalin Mai Usur

Babu jikin da ya fi ƙarfin tsari. Wannan ita ce aƙidar Mai Usur, malamin motsa jiki a makarantar sakandare, wanda ya shekara goma sha biyu yana sa 'ya'yan mutane zagaya fili, bai kuma taɓa ganin abin da ya raba mai jego da ɗan aji uku ba.

Matarsa ma'aikaciyar banki ce. Saura mako biyar hutun haihuwarta ya ƙare, ta ɗauko kwat ɗin aiki ta gwada a gaban madubi. Maɓalli da raminsa suka tsaya suna harar juna daga nesa, kamar dangin da suka yi rigimar gado.

"Baban Bebi, ka ga abin da 'yarka ta mayar da ni?"

"Madam, kin kawo kuka gidan maganinsa."

Kafin azahar ya manna jadawali a jikin firij, da jan biro da layuka madaidaita. Karin kumallo ruwan ɗumi da lemun tsami. Rana rabin faranti. Yamma ganye. Tsallen igiya ɗari a tsakar gida, shi kuma yana tsaye yana busa usur, maƙwabta na leƙe.

Jaririyar ba ta iya karatu ba, don haka ba ta san an rage kasafi ba. Takan kama nono ta ja, ta ja, ta saki, ta tsala ihu.

"Anya nonon nan yana isarta kuwa?" in ji uwar. "Ni kaina jiri nake ji."

"Jiri alamar kitse ne yana sallama. Kuka kuwa motsa huhu ne."

Ranar awon jarirai ya raka su asibiti, ya ciro jadawalin ya taho da shi. Kafin nas ta ce uffan ya shimfiɗa mata a tebur.

"Sista, kilo huɗu cikin mako biyu. Ba magani, ba allura."

Nas ɗin, dattijuwa mai tabarau a karan hanci, ta ɗora jaririyar a sikeli. Ta duba allurar sikelin, ta duba kati, ta sake duba allura.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Ɗalibanka biyu ne, duka sun ci jarrabawa. Ita ma wannan ta rame."

Uwar ta dafe bakinta.

"Ke kuma, 'yata, da iliminki? Mai shayarwa ake sa wa yunwa? Ki ci sau uku ki ƙoshi, ki ɗan taɓa wani abu a tsakani. Ruwa kamar raƙumi. Lemun kwalba da kayan zaƙi su za ki rage. Ki yi tafiyar ƙafa da yamma. In kin sauke rabin kilo a mako, ya isa. Wata tara aka yi ana gina jikin nan, ba a rushe shi da usur."

"Ai dama, Sista, a mataki na biyu na tsarin..."

"Malam, riƙe mana jakar nan."

Ya riƙe jaka.

A hanyar gida sai da suka wuce shataletale biyu, sannan ya gano cewa nas ɗin ta tabbatar da ra'ayinsa ne, sai dai da wasu kalmomi. Washegari a ɗakin malamai ya gabatar da lacca kan haɗarin gaggawa wajen rage ƙiba. Har da masu rubutawa.

Ita kuwa ta ƙarasa hutunta a kujera ɗaya, faranti a dama, gorar ruwa a hagu, tana tashin yarinyar duk bayan awa biyu ta ba ta nono, ko da kan nonon ya tsage, har ruwan ya dawo. A awo na gaba allura ta matsa sama. Nas ta gyaɗa kai.

Ranar Litinin ta koma banki da kwat a buɗe. Manaja ya tsayar da ita a ƙofa, gaban masu jiran layi, ya tuna mata dokar sutura.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce. "Maɓallin ne ya cire."

Ta wuce ta zauna a kantarta.