Kasuwar Asabar a Garejin Husam

Shekara huɗu Sabuwa ta yi a Ingila, amma matan ƙungiyar 'yan Arewa da ke unguwar Dokki a Alƙahira ba sa lissafa wannan a matsayin zaman Turai, domin ba a Landan ta zauna ba. Mijinta Hadi ya yi karatun noma ne kusa da wani ƙaramin gari, irin tsofaffin garuruwan nan da kasuwa ta kafa su. Daga baya aiki ya kawo su Alƙahira.

Ita kuwa wancan ƙaramin garin bai fita ranta ba. Fili ne a tsakiya, da dogon agogo, da wata rumfar katako mai ƙafafu wadda ta girmi kakannin kowa. Ga laburare, ga gidan waya, ga kujerun hutawa a bakin rafi, duk ƙafa ke kai mutum. Ƙarfe biyar shaguna sun rufe, naman halal sai an shiga bas. Amma ranar kasuwa manoma kan cika filin, mai cuku kusa da mai zuma, matar likita na bin layi bayan mai shara. A nan Sabuwa ta kama tebur tana sayar da yaji da dambun nama, gefen wata tsohuwa mai ƙwai da ke tsare mata kaya idan ta tafi salla.

Da aka zauna shirya bajekolin shekara, shugabar ƙungiya, Hajiya Ubaida, ta ce otal za a kama, shiga sai da kati.

Sabuwa ta ce, "Hajiya, na yi wa Nana Aisha alkawarin tebur."

Nana Aisha Bahaushiyar Sudan ce da ke zaune a unguwar Arba wa Nus a gefen Alƙahira, ita ke yi wa yawancinsu lalle da dilka idan biki ya taso.

"Ma'alish, yi haƙuri ƙanwata," in ji Hajiya Ubaida. "Taron manya ne. Ke da kika zauna Ingila ai kin san tsari." Ta ɗan murmusa. "Ko da yake an ce ƙauye kuka zauna."

Aka yi 'yar dariya. Sabuwa ta amsa ba tare da ɗaga murya ba.

"Ƙauye ne, Hajiya. Shekara ɗari bakwai kasuwarsa na ci, ba a taɓa tambayar kowa kati ba. Ni baƙuwa, da hijabina, aka ba ni wuri."

"To nan Masar ce."

"Tamam. A cire sunana daga kwamiti."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Hadi ya ce ta bi a hankali, mijin Hajiya babba ne kuma gaisuwa na haɗa su. Ta ce ba ta zagi kowa ba. Washegari ta sauka wurin Husam, mai gidan da suke haya, ta roƙe shi aron garejin ƙasa don ta kafa 'yar kasuwa kowace Asabar da safe, lokacin da motocin ofishin da ke amfani da shi ba sa nan. Ya sosa gemu, ya ce in dai za a share, kuma a ajiye masa abin nan mai yaji da ta taɓa aika wa matarsa.

Asabar ta farko tebur huɗu ne kawai. Nana Aisha da agashe, wato tsiren Sudan, da turaren wuta, matar wani ɗalibi daga unguwar Darrasa da daddawa da kuka, wata 'yar Nijar da fura, sai Sabuwa. Ta jera kujeru a tsakiya don tsofaffi, ta ajiye tulun ruwa da buta, ta shimfiɗa tabarmar salla a lungu. Har ƙarfe sha ɗaya ƙudaje ne baƙinsu. Sabuwa ta hana kowa tattara kaya. Kafin azahar ɗalibai shida suka sauko daga ƙaramar bas suna tambayar inda ake fura.

Mako na huɗu tebur sha ɗaya ne. Maƙwabta Misirawa suka yi ƙorafin hayaƙi, aka mayar da gashin nama bakin titi. Masu aikin gidajen 'yan ƙungiya suka fara zuwa da jerin aike, iyayen gidansu na jira a mota da gilashi rufe.

Ana saura kwana uku bajekolin otal, Hajiya Ubaida ta kira ta.

"Sabuwa, Asabar ɗin nan tamu ce. Ki ɗaga naku zuwa Lahadi."

"Ba zai yiwu ba, Hajiya."

"Mako ɗaya kawai?"

"Matan nan bas biyu suke hawa kafin su iso. Na ce musu kowace Asabar. In kun tashi da wuri ku biyo, muna nan har la'asar."

Hajiya ta kashe waya ba sallama. A daren Juma'a aka cire Sabuwa daga zauren ƙungiya na waya.

Da safe ta riga kowa sauka. Ta tarar ruwan famfon sama ya malale rabin garejin. Ta tattare zane, ta karɓi tsintsiya a hannun Husam, tana kora ruwa tana gaya wa Nana Aisha, wadda ta iso a lokacin, ta kafa teburinta ta ɓangaren da ya bushe.