Hular Kwano a Bayan Taya

Tun a kwanar farko bayan mun fita daga Grimsby na lura Glenda ba ta riƙe mijinta ba. Hannuwanta duka biyu suna baya, ta damƙe ƙarfen da ke bayan kujera. Duk wanda ya taɓa goya mutum a babur ya san ba haka ake zama ba, balle a hanyar tuddai, ga kwalta a jiƙe. Shi ma Royston, mijin nata, ya ji ba ta riƙe shi ba. Yana fita daga kwanar sai ya murɗa mai da ƙarfi, babur ya zabura, kanta ya fizgu baya, ƙafarta ɗaya ta zame daga mataki. Da ƙyar ta mayar da ita.

Royston ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu yawon babur ranar Lahadi. Shi ke gaba, ni ke baya. Shi ya sa suke ce mini Tsintsiya, don aikina shi ne in share abin da aka bari: wanda mai ya ƙare masa, wanda ya yi faci, wanda ya ɓace hanya. Akwatina kullum da kayan gyara, da igiya, da wata hular kwano ta ko-ta-kwana. Kuma daga baya, in layi ya lanƙwasa a kwana, kowa kana ganinsa.

Doka ɗaya gare mu, Royston da bakinsa yake karanta wa duk sabon shiga. In ka ga mai babur ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa, a bayan tayar baya, to yana cikin matsala, taimako yake nema. Ba a wuce shi. Ko da kuwa ba kwa ga maciji.

Ranar nan tsohon filin jiragen yaƙi muka nufa, wanda aka mayar gidan tarihi. Duk shekara sai mun je, don a nan mahaifinmu ya yi aikin kanikancin jirage kafin a rufe wurin.

* * *

"A cire huluna, samari," in ji tsohuwar da ke sayar da tikiti a bakin ƙofa. "Ba banki kuka zo fashi ba."

Muka yi dariya, muka cire. Glenda ta juya wa mutane baya, ta fuskanci bango, sannan ta zare tata a hankali kamar mai cire bandeji. Da ta juyo, mayafin wuya ya rufe ta har karan hanci, ga baƙin tabarau a ido.

Trevor, wani tsohon direban bas da muke kira Tumbi, ya ce, "Ke Glenda, rana ta fito ne ba a gaya mini ba?"

"Mura take yi," in ji Royston. Bai ko kalle ta ba.

Muka shiga babbar rumfar jirage. Sanyi, da warin tsohon baƙin mai, da ƙarar yayyafi a kan rufi. Ga ƙaton jirgin jefa bam ɗin nan a tsakiya, baƙin ciki, farfela huɗu, tayarsa ta kusa kai ƙirjina. Royston ya ja mutane zuwa bango kamar yadda ya saba, ya ɗora yatsa a kan wani tsohon hoto, maza a jere cikin kakin aiki.

"Ga tsohonmu nan, na uku daga hagu. Mazan jiya ke nan. Ba irin na yanzu ba, da ba sa iya tsawata wa ko kyanwar gidansu."

Aka yi dariya. Royston ya iya magana, ba zan hana masa wannan ba. Shi ke tara kayan wasa a kai wa yara asibiti lokacin Kirsimeti, har jaridar gari ta taɓa buga hotonsa. Ni kuwa walda na sani. Makaranta tun ina yaro muka raba gari da ita.

Tumbi ya fito da wayarsa, ya ce a jeru a ƙarƙashin fiffike a yi hoto. Muka jeru. Ya ɗaga wayar, ya sauke.

"Haba Glenda, sauke wannan tsumman mana. Ai sai a ce sato ki muka yi."

Cikin wasa ya miƙa hannu ya ja mayafin ƙasa. Tabarau ya biyo shi, ya faɗi a siminti.

Muƙamuƙinta na hagu a kumbure yake, ya yi shuɗi ya fara komawa kore. Leɓenta a fashe. Ido ɗaya ya kusa rufewa. A saman kuncinta kuma akwai wani ɗan tabo mai kusurwa huɗu, tsaf, kamar an buga hatimi.

Yayyafi kawai kake ji.

"Babur ne ya faɗo mata a gareji," in ji Royston. "Na sha gaya mata ta daina taɓa shi."

"Kai, ai abin da nauyi," wani ya faɗa daga baya.

"Sannu, Glenda," in ji Tumbi, ya mayar da wayar aljihu.

Daga nan sai ƙartin maza, kowa da furfurarsa, suka ɗaga kai suna kallon farfela kamar yau suka fara ganin irinta. Ɗaya har yana tambayar nawa ne tsawonta.

Ni ban kalli farfela ba. Hannun ƙanena na kalla. Babur dai ba ya sa zobe. Royston yana sawa, mai faffaɗan kai, kusurwa huɗu, wanda ya gada daga mutumin da ke cikin hoton can. Na san tabon nan. Ina yaro na sha ganinsa a fuskar uwarmu, tana soya mana ƙwai da baƙin tabarau a tsakiyar hunturu, maƙwabta suna gaishe ta suna kallon takalmansu.

* * *

Da mutane suka nufi ɗakin shayi, na same ta ita kaɗai a wutsiyar jirgin, inda akwai wani ɗan keji na gilashi da bindigogi. A nan mai harbi yake zama, ya ba sauran baya, yana gadin abin da ke tahowa. Ta riga ta mayar da mayafi da tabarau.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Yaya Neville, don Allah."

"Tambayar ki na yi."

Ta kalli kejin. "Tun da aka sallame shi daga aiki abin ya ƙaru."

Ya ƙaru. Wato dama akwai shi.

"Wannan dukan fa, me kika yi?"

"Cewa na yi ba na jin zuwa yau." Ta haɗiye yawu, da gani haɗiyar ma ciwo take mata. "Yanzu ya raɗa mini, wai in mun koma gida zan yi masa bayanin yadda aka yi na tsaya Trevor ya buɗe ni a gaban mutane."

Na rage murya.

"Ki hau babur ɗina. In kai ki Louth wurin yayarki Doreen."

"Ka ce masa me?"

"Ni ba abin da zan ce masa. Ba zan ɗauki matar mutum da ƙarfi ba, ko da ƙanena ne. In na ja ki, zai ce ni na ja ki, ke ma gobe haka za ki ce. Ke za ki faɗa da bakinki."

"Bakin ne ba ya buɗuwa in yana wurin, Yaya. Na gwada."

"Me ake ƙullawa a nan?"

Royston ne, da kofin shayi biyu a hannu. Murmushi yake yi. Ya miƙa mata ɗaya, ya dafa bayan wuyanta da ɗaya hannun, na ga yatsunsa sun nutse a cikin mayafin.

"Bindiga nake nuna mata," na ce.

"Ka nuna wa taka matar, in ka samu wadda za ta zauna da kai." Ya yi dariya. "Sha ki gama, uwargida. Hadari na haɗowa, gida za mu."

* * *

A filin ajiye motoci kowa ya hau nasa, aka tayar. Ni ina can ƙarshe kamar kullum, ina jiran layi ya miƙe. Royston ya zauna a kan babur, ya sa hula, yana ɗan murɗa mai, yana jiran ta hau.

Glenda tana tsaye a gefensa, hularta a hannu. Ta ɗaga ta kamar za ta sa. Sai ta tsaya. Ta zagaya bayan babur ɗin, ta durƙusa, ta ajiye hular a kan jiƙaƙƙen tsakuwa, daidai bayan tayar baya. Ta miƙe, ta haɗa hannuwa a gaba.

Ba wanda bai gani ba. Ba kuma wanda bai san ma'anarsa ba.

Royston ya hango ta a madubi. Ya ɗaga gilashin hularsa. "Ɗauki abin nan ki hau."

Ba ta motsa ba.

"Glenda. Ba zan sake faɗa ba."

Na kashe babur ɗina. Na kafe shi, na sauka. Ina wuce Tumbi ya kamo hannun rigata.

"Tsintsiya, bar su. Sha'anin miji da mata ne, mutumina."

"Hula ce a ƙasa ko ba hula ba ce?"

"Ai dokar don wanda babur ɗinsa ya lalace ne."

"A ina aka faɗi haka? Ni ban ji ba."

Na fizge hannuna, na ƙarasa, na tsaya tsakaninta da babur ɗin. Royston ya sauko. Ya fi ni tsawo, ya kuma fi ni ƙuruciya, ni ga gwiwa ɗaya da ƙarfe a ciki.

"Koma kan babur ɗinka, Yaya."

"Wa ya ce ba a wuce hula a ƙasa? Ni ne ko kai?"

"Kar ka mai da ni abin wasa a gaban mutanena."

"Ko da ba kwa ga maciji, haka kake cewa. To ga ta nan. Na tsaya."

Ya matso har gilashin hularsa ya kusa taɓa hancina. Ya rage murya. "Jininka ne ni. Wannan baƙuwa ce."

"Tsohuwarmu ma baƙuwa ce a gidan can."

Na ga hannunsa na dama ya dunƙule. Ban ɗaga nawa ba. Na ce a raina, buga, a gabansu, su gani ko babur ne zai faɗo mini. Injuna suna ta ruri a kewaye da mu, ba wanda ya kashe nasa, ba wanda ya sauka. Tsohuwar mai tikiti ce kaɗai ta fito bakin ƙofa, ta tsaya da waya a hannu, tana kallonsa ido cikin ido.

Ya gan ta. Sai ya juya ya sa ƙafa ya shuri hular. Ta yi sama, ta daki dutsen gefen hanya, ta gangara ƙarƙashin wata mota.

"Sai ki taka da ƙafa," ya ce wa Glenda. Ya dube ni. "Kai kuma ka gama da ƙungiyar nan. Ka gama da ni."

Ya hau, ya fizgi babur, tsakuwa ta watso mana. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tumbi ne ya yi ɗan jinkiri, sannan shi ma ya bi layi.

Na durƙusa na jawo hular daga ƙarƙashin mota. Ɗan ƙarzane kawai gare ta. Glenda ta miƙo hannu za ta karɓa.

Na ce, "A'a. Wadda ta sha irin wannan bugun ba a sake sa ta. A waje lafiya lau, cikin ne ba ka sani ba."

Na buɗe akwati na ba ta ta ko-ta-kwanar. Ta yi mata yawa. Har muka isa Louth, cikin ruwan sama, hannuwanta biyu suna damƙe da rigata.

* * *

Doreen ta kai Glenda asibiti, ta kuma kai ta wurin 'yan sanda. Aka rubuta abin da aka rubuta. Da aka nemi wanda ya ga fuskarta ranar nan, ni da tsohuwar mai tikiti muka je. Sauran kowa ya ce shi jirgi yake kallo.

A wurin Doreen Glenda ta zauna, ɗaki ɗaya ne da falo, ga miji, ga jikoki suna zuwa. Royston ya dinga aika furanni. Ya je ya yi kuka a bakin ƙofa, aka ce har durƙusawa ya yi. Matan 'yan ƙungiya suka dinga bugo wa Glenda waya, wai mutumin kirki ne, rashin aiki ne ya taɓa shi, kar ta bari a ɓata masa suna. Kafin bazara ta ƙare Glenda ta janye ƙarar, ta koma gidansa. Ba ta kira ni ta gaya mini ba. Doreen ce ta faɗa mini.

Wata Lahadi ina gidan mai na bakin gari, ina duba iskar taya, sai na ji rurinsu. Suka wuce a jere, Royston a gaba. Glenda tana bayansa. Ya saya mata sabuwar hula, mai tsada, gilashinta baƙi wuluk, ba ka ganin komai a ciki. Na bi layin da ido har ƙarshe. Ba su sa kowa a gurbina na baya ba.

Sun kore ni daga ƙungiya, amma hanya ta gwamnati ce. Na sa hula, na tayar, na bar tazara mai yawa, na bi su.

A kwanar farko layi ya lanƙwasa, na hango ta. Hannuwanta duka biyu suna baya, a kan ƙarfe.