Shirun Sarkin Tasha

Lubabatu tana gyara wa mijinta hula a kan bencin tashar Illela sai ta ji hayaniya ta kaure wajen motocin Sakkwato. Ranar Lahadi ce, kasuwa ta cika ta batse kamar yadda take yi tun da aka sake buɗe iyaka, kuma yau ne mijin nata, Maccido, ya fara fitowa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi.

Maccido shi ne Sarkin Tasha, kuma duk mulkinsa a maƙogwaro yake. Masu tsokana kan ce in ya daka tsawa a Illela, har jandarmomin Ƙonni da ke tsallaken iyaka sai sun gyara tsayuwa. Bai taɓa barin mai ƙara ya kai aya ba, kana buɗe baki ya yanke hukunci. Ita kanta Lubabatu da suka tsufa tare, rabin zancenta na duniya yana nan cikinta bai fito ba.

Yanzu ga shi babu baki. Likitan Sakkwato ya dafa gefen hagu na kan Maccido ya yi mata bayani: ƙwaƙwalwa kamar gida ce mai ɗakuna, jini ya toshe a ɗakin da ake haɗa magana, amma inda ake fahimta da auna gaskiya lafiya lau yake. "Yana jin komai, Inna," in ji shi, "faɗa ce ba ya iyawa." To, direbobi ba su ga likita ba. Sun dai ce in yau ya kasa raba rigima za su naɗa wani. Ita kuwa ta sani, ranar da aka raba shi da bencin nan, zaman gida zai ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Sai ga Mukhtari direba ya jawo abokin aikinsa Idi, jama'a na biye.

"Sarki, wanga mutum ya tsallake ni jiya!" in ji Mukhtari. "Ni ad da layi, ya kwashi mutane ya wuce Sakkwato!"

Jijiyoyin wuyan Maccido suka tashi, bakinsa ya buɗe, babu abin da ya fito. Lubabatu ta sunkuyar da kai, tausayinsa ya kama ta. Can ya ɗaga hannun hagu, wanda ya rage masa, ya nuna Idi.

"Na tsallake, Sarki," in ji Idi, ya noƙe wuya yana jiran tsawa. Tsawa ba ta zo ba. Da shirun ya yi masa yawa sai ya ci gaba. "Wata mata ce daga Gidan Katta, maciji ya sari mijinta. Mukhtari ya tahi salla. Na sa su mota, mutane sunka bi sunka shige, ban tsaya korar kowa ba."

"Mutumin fa?" Mukhtari ya tambaya, muryarsa ta sauka.

"Ya tashi."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Wa ya taɓa kai zance ƙarshe a tashar ga?"

Dariya ta ƙwace wa jama'a, suka yi maza suka haɗiye. Maccido ma ya murmusa da rabin bakinsa. Ya nuna fasinjojin Idi, ya nuna motar Mukhtari, wato lodin yau ya rama na jiya. Su biyun suka gaisa suka tafi. Daga ranar babu wanda ya sake zancen naɗi, sai ma masu ƙara suka riƙa zuwa har da waɗanda suka daɗe da haƙura.

Da damina ta tsaya, wata safiya Lubabatu ta miƙa wa Maccido kunu, sai ta ji murya a shaƙe, kalma bayan kalma.

"Luba. Kunun ga ya yi sanyi."

Ludayi ya faɗi daga hannunta. Dariya da hawaye suka zo mata tare, ta jawo mayafi za ta ruga tasha ta yi albishir. Ya kamo gefen zanenta.

"Kak ki hwaɗa musu."

"Don mi, Malam?"

Ya daɗe yana neman kalmomin, ita kuma ta jira.

"Ban gama ji ba," ya ce. Ya matsa mata wuri a tabarma. "Zauna. Hwara naki zancen."