Ashanar Mai Fito

Gasar karatun shekara ba ra'ayin Baba ba ce. Autarsa ce ta jawo shi ciki bayan rasuwar mahaifiyarta, da ta lura ya fara mayar wa rediyo magana. Kowane wata ƙungiyar masu gasar takan zaɓi irin littafin da za a karanta, ita kuma ta kira shi ran Asabar su tattauna. Wannan kiran shi ne abin da Baba yake jira duk mako, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

An yi na kimiyya, an yi na soyayya, ya daure. Sai watan ƙarshe ya zo da ƙagaggen labarin tarihi. Auta ta yi ta murna, wai an shigo fagen Baba, tunda tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Baiwar Allah, ta manta cewa rabin aikin malami duba jarrabawa ne.

Labarin wani mai fito ne a zamanin da, wanda yaƙi ya raba shi da matarsa, ita a wancan ƙetaren kogi, shi a wannan. Baba ya zauna a baranda, ya gyara tabarau, ya zaro jan biro. Bai yi nisa ba mai fito ya kyasta ashana.

Ran Asabar Auta ta kira, muryarta duk ta dushe.

"Baba, ka kai inda yake kunna mata fitila a bakin ruwa don ta san yana raye? Wallahi kuka na sha."

"Da me ya kunna ta?"

"Na'am?"

"Da ashana! A lokacin ko kakan mai ƙera ashana ba a haifa ba. Sannan dubi takalman sojojin nan."

Haka ya bi littafin yana zayyana mata kurakurai, daga takalma zuwa bindigogi, har da ranar da aka ci garin su mai fito da yaƙi. Ta ce to, ta yi masa sai an jima. Asabar ta zagayo, wayar tana kan tebur, ko ƙyas.

Abin ya dame shi ƙwarai. Ya ajiye biron a aljihun tebur, ya sake ɗaukar littafin daga farko don kawai ya sami abin lallashinta. Ashanar na nan inda take, ya kau da kai. Ya bi mai fito har ranar da aka buɗe kogi ya haye, ya tarar matar ta daɗe da rasuwa, ashe duk tsawon lokacin nan ba mai ganin fitilar. Baba ya cire tabarau. Mutumin da bai zubar da hawaye a gaban kowa ba ranar da aka kai matarsa makwancinta, ga shi yana sharɓar kuka a baranda, har maƙwabciya ta leƙo.

Shi ya kira da kansa.

"Auta, kin ga ƙarshen nan kuwa?"

"Ai ban ƙarasa ba, Baba. Gaskiyarka ce, na bincika, duk kurakurai ne. Na tura wa ƙungiya gyare-gyarenka, an ma cire littafin daga gasar. Kowa yana ta yaba maka."

"To, amma shi mai fiton..."

"Rabu da shi, Baba, ai ba a taɓa yin sa ba. Me za ka ce a kansa?"

Ya share hanci da gefen riga.

"Babu komai," in ji shi. "Mura ce ta kama ni."