Ranar da Abdulwahid Ya Koma Bakin Kogi

Tun suna Kaduna Malam Abdulwahid ba shi da zance sai na injin shinkafa na bakin kogin Haɗejiya. A nan ya fara aiki yana saurayi, a nan ya zama makanike, yana wannan aikin ya auri Ummussalma. Da kamfanin ya durƙushe sai ya kwashi iyalinsa ya tafi Kaduna ya shiga masaƙa. Ita ma masaƙar daga baya ta rufe, amma suka ci gaba da zama, 'ya'ya suka girma a can. Kowace shekara sai ya ce, "Baɗi war haka muna gida, in Allah ya yarda." Ba su dawo ba sai bayan da ciwon suga ya tafi da ganinsa.

Bikin 'yar Rahmatu, ƙanwarsa, ne ya kawo su, da kaka, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Da aka watse biki ya ce wa matarsa, "Maman Haris, yau injin za ki kai ni."

Rahmatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai. "Wane injin kuma, Yaya? Ai an mayar da shi wurin shaƙatawa. Yara da amare ke zuwa ɗaukar hoto."

"Ko me aka mayar da shi, ƙasar dai tana nan."

Bayan la'asar suka hau a-daidaita-sahu. Ummussalma ta riƙe masa sanda, shi kuma yana ta faɗa wa direba hanya: a bi ta bayan makabarta, a wuce rijiyar masu wanki, a karya dama wajen dalbejiya. Direban ya bi hanyar da ya sani. Babu rijiyar, babu bishiyar, shaguna ne jere har bakin titi. Ummussalma ba ta faɗa masa ba.

A ƙofa suka yanki tikiti suka shiga. Kiɗa na tashi daga wata lasifika, ƙamshin gasasshen kifi ya cika wurin. Abdulwahid ya tsaya cak, ya ɗaga fuska yana shaƙar iska.

"Ba na jin ƙamshin turarar shinkafa," ya ce. "Da can tun daga titi yake tarar mutum. Faɗa mini abin da kike gani."

Ummussalma ta duba. Ta ce babban sito yana nan, amma an yi masa fenti kore da fari, an zuba kujeru a ciki ana sayar da lemo. Dandamalin siminti da ake shanya shinkafa yanzu samari ne ke buga ƙwallo a kai. An kafa lilo inda ake tara ɓuntun shinkafa. Can bakin ruwa akwai rumfunan zana, mutane zaune da iyalansu a kan tabarmi.

"Bututun hayaƙin fa?"

"Yana nan. An zana masa tsuntsaye."

"Tsuntsaye," ya maimaita, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai ni in taɓa."

Ta ja hannunsa har gindin bututun. Ya shafa bulon, ya bi shi da tafin hannu har ya samu wani ƙarfe da ya fito, ragowar tsanin da yake hawa idan bututun ya toshe. Ya riƙe ƙarfen ya daɗe. Wasu 'yan mata da ke jiran su ɗauki hoto a wurin suka tsaya gefe, ba su ce ya matsa ba.

Ummussalma ta tuna yadda take kawo masa abinci nan da rana, tana amarya, kwano ɗaure a ɗankwali. Idan jiniyar tashi ta kaɗa sai ya fito duk jikinsa baƙin mai, ya hango ta tun daga nesa cikin matan da ke jira, ya ɗaga mata hannu. Bai taɓa kuskure ta da wata ba ko mayafi iri ɗaya suka yafa. Yanzu ga ta a gabansa da atamfar biki da ta ɗinka, bai san launinta ba, bai kuma tambaya ba.

Suna gangarawa bakin ruwa wani dattijo siriri da ke zaune a gindin kwale-kwale ya miƙe yana ƙare musu kallo.

"Wai Audu Makanike nake gani, ko idona ne?"

Abdulwahid ya juya wajen muryar. "Sake magana."

"Ka tsufa, ka yi tumbi, ka manta mutane."

"Modu! Modu na sikeli!"

Suka rungume juna, sanda ta faɗi ƙasa. Modu shi ne mai auna shinkafar da manoma ke kawowa ta ruwa daga Guri da ƙauyukan Kirikasamma. Da injin ya tsaya sai ya koma kamun kifi, yanzu kuma ƙarfi ya ragu, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido yana zagawa da su a kwale-kwale. Ya gaida Ummussalma, ya ce, "Amarya, har yanzu kina haƙuri da wannan mutumin?" Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Rabon da a kira ta amarya har ta manta.

Sai tambayoyi suka biyo baya. Ina Hamman direban tirela? Ya rasu. Kolo mai gadi? Ya tafi wajen ɗansa a Gashuwa, ba a ƙara jin labarinsa ba. Garba na tukunyar turara? Yana nan, amma ƙafa ta hana shi fita. Abdulwahid yana ta cewa Allah ya jiƙan wane, Allah ya ba wane lafiya, har muryarsa ta yi ƙasa.

"Modu," ya ce, "kai ni mashigin giginya."

Ummussalma ta san wurin. Wani tudu ne a tsallake, bayan kogi ya yi kwana, inda ma'aikata ke zuwa ranar hutu su yi wanka su gasa kifi. Sau ɗaya ya taɓa kai ta, ba da sanin surukarta ba, ta ji tsoron ruwa ta ƙanƙame gefen jirgi har suka isa. A can ya nuna mata wani fili ya ce nan zai gina musu gida wata rana, ƙofar tana kallon kogi.

Modu ya sosa ƙeya. "Mu gwada dai."

Aka ba su rigunan ruwa masu launin lemo, dokar wurin ce. Ummussalma ta ɗaura wa mijinta tasa, ta zaunar da shi a tsakiya, ta zauna kusa da shi. Modu ya dafa gora ya tura. Kiɗan lasifika ya riƙa raguwa a bayansu har ya zama ba a jin komai sai ruwa na bugun katako. Wani jirgi mai inji ya wuce su cike da ɗalibai suna ihu, igiyar ruwansa ta girgiza su, sannan wuri ya sake lafawa.

"Me kike gani?"

"Gonakin shinkafa, sun yi ja, an fara yanka. Ga belbelu a bayan shanu. Ga wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya."

"Kirinjijiya fa? Ina jin kukansu."

"Ga su can sun tashi, da yawa."

Ya saki hannunsa cikin ruwa, ya bar shi yana ja. Fuskarsa ta saki irin yadda ta daɗe ba ta gani ba. Ya ce sanyin ruwan bai canja ba. Ya ce sun kusa kwana, yana ji a jikinsa, kuma gaskiyarsa ne, don a daidai lokacin Modu ya karkata jirgin.

Bayan kwanar ne suka tarar da kachalla. Ciyawar ta tsaya kamar bango, ta fi mutum tsawo, ta cinye mashigin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Modu ya cusa hancin jirgin ta wata 'yar kafa, ya tura, ya sake turawa, ganye na karce musu kafaɗa, har jirgin ya tsaya ya ƙi gaba.

"Iyakarmu ke nan, Audu. Shekarun baya da rani mukan haɗu mu sare ta, kafin damina ta dawo ta fi da. Masu saran ma sun ragu."

Abdulwahid ya miƙa hannu ya kamo ganye ɗaya, ya murza shi. "Daga nan ana hango giginyoyin?"

Ummussalma ta miƙe a hankali, ta dafa kafaɗarsa, ta yi ɗage. Can sama da ciyawar ta hango kawunansu, rana ta yi musu ja.

"Ina ganin kansu. Suna nan."

"Da 'ya'ya?"

"Ba na iya gani daga nan, Malam."

Ya gyaɗa kai. Suka zauna haka cikin ciyawa, sauro ya fara zagaya su. Can ya laluba ya kama gefen zanenta, ya murza shi kamar yadda ya murza ganyen.

"Sabo ne wannan?"

"Na biki ne."

"Wane launi?"

"Shuɗi, da ɗigon fari."

"Shuɗi yana karɓar ki," ya ce. Ta juya fuska wajen ciyawa ta share ido da bakin mayafi. Modu ya shiga ja da baya, yana kallon gorarsa kawai.

Kafin su iso gaɓa an kunna fitilun rumfuna, masu yara sun fara naɗe tabarmi. Modu ya ƙi karɓar komai, ya ce sai dai Audu ya dawo ranar Juma'a su je su duba Garba tare. Suka yi magariba a ɗan masallacin da aka gina inda ofishin manaja yake a da.

A hanyar komawa wayar Ummussalma ta yi ƙara. Babban ɗansu ne Haris, yana tambaya yaushe zai turo mota ta ɗauke su, ranar ganin likita ta kusa. Ta dubi mijinta. Ya jingina da ƙarfen keken, hannun rigarsa har yanzu a jiƙe.

"Ka ɗan dakata," ta ce. "Babanka yana da wanda zai je dubawa ranar Juma'a. Zan kira ka."

Sun kai ƙarshen kaka a gidan Rahmatu kafin Haris ya matsa ya zo da kansa ya tafi da su. Kafin nan kowace Juma'a suna bakin kogi, wani lokacin har da Garba a kan kujerar roba. Mashigin bai buɗe ba har suka tafi. Modu ya yi alkawarin zai kira idan an sare kachallar da rani, shi ya sa ko banɗaki Abdulwahid zai shiga sai ya ce wa Ummussalma ta riƙe wayar kusa da ita.