Direba da Agwagin Uwargida

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan babbar mota kafin ciwon baya ya sauke shi. Sunan dai ya bi shi, har jikokinsa Direba suke ce masa. Da ya dawo gida da zama sai ya tarar tsakar gidan da ya shafe da siminti da kuɗin guminsa ta zama ta agwagin matarsa. Su biyar ne, mata huɗu da wani ƙaton toro baƙi mai jajayen ƙuraje a fuska, kamar wanda zuma suka yi wa taron dangi.

Jininsu bai haɗu ba tun ranar farko. Ko'ina ya sa ƙafa sai ya taka kashi. Toron kuwa da ya gan shi sai ya taso yana huci, yana kaɗa jela, yana miƙa wuya gaba yana janyewa.

"Uwargida, wannan abin naki faɗa yake nema da ni," in ji Direba.

"Gaishe ka yake yi, Malam."

"Gaisuwa da huci?"

"Muryarsa ke nan, irinsu ba su iya kwakwazo ba. Kai dai ka dubi jela. In tana kaɗawa, lafiya lau ce."

Ana nan sai aka yi waya cewa autarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta haihu amma sai da aka yi mata tiyata. Uwargida ta haɗa kaya, ta ce sati biyu za ta yi. Tana ɗaure jaka tana jero masa dokoki: a jiƙa dusa safe da yamma, a sauya ruwan baho kullum, a cika shi yadda za su nutsa kai duka, don da ruwan suke wanke hanci da ido. Kada kuma ya kuskura ya kama su ta ƙafa, farcensu ya fi reza kaifi.

"Ni da na kai tirela inda ko jaki ba ya zuwa, agwagwa biyar ce za ta gagare ni?"

Kwana huɗu da tafiyarta ya zuba dusa da safe, ya ƙirga huɗu. Ya sake ƙirgawa. Fara ce babu, wadda Uwargida ta fi so, wadda take ci a tafin hannunta. Ya duba bayan tanki, ya duba ƙarƙashin tsohon benci, ya fita ya bi kwata har bakin titi, ya tambayi mai walda da mai shagon burodi. Babu wanda ya ganta. Da yamma matar ta kira.

"Ya mutanena?"

"Duk lafiya," in ji shi, ya yi maza ya tambayi jaririn.

Maƙwabcinsa Kafinta, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya ba shi shawara ya je kasuwa ya sayo wata fara ya saka.

"Ba ka san matar nan ba," in ji Direba. "Ta san tafiyar kowacce."

Washegari da rana yana zaune a inuwa ya rasa abin da ke masa daɗi, sai ya ji fuka-fuki a sama. Fara ce ta dira a gabansa, gashinta a tashe, tana wani siririn kuka kamar ƙofa mai neman mai. Ta afka wa dusa kamar za a ƙwace, ta faɗa baho ta yi wanka, ta saki wani kashi da warinsa ya sa Direba toshe hanci. Ko minti ashirin ba ta yi ba ta tashi fir, ta haye rufin ɗakin ajiya, ta ɓace ƙarƙashin reshen mangwaron da ya rufe shi.

Ya ari tsani wurin Kafinta. Ya hau a hankali, bayansa yana ƙara a kowane mataki. A can cikin tsohuwar tayar da shi da kansa ya ɗora don danne kwano, ga Fara a kwance. Ya miƙa hannu, ta maka masa fiffike a tsintsiyar hannu, ta bi da cizo. A wannan ɗagowar ya hango ƙwai fal cikin lallausan gashi, ya kuma ga ƙirjinta a tsige, fata a waje.

Ganin fatar ne ya sa ya kira Uwargida ya faɗi gaskiya tun daga farko. Ta yi dariya har sai da ya ji Auta tana cewa, "Mama, za ki tashi yaron nan."

"Ba ciwo ba ne, Malam. Ita ta tsige gashin ta yi wa ƙwan shimfiɗa. Dama na ga tana yawan leƙen sama kafin in taho, ashe can take zuba su. Ka bar ta. Ka dai tabbata in ta sauko akwai abinci da ruwa."

Bai tambaye ta kwana nawa ake yi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kafinta ne ya ce ashirin da ɗaya, don ya taɓa kiwon kaji. Direba ya samo alli yana jan layi a bangon ɗakin ajiya kowace safiya.

Sati biyun Uwargida ya zama uku, ya zama huɗu, don ɗinkin Auta ya ƙi warkewa. Gidan ya yi masa faɗi. Rediyo ta ishe shi, sai ya koma fito da kujera tsakar gida yana kallon agwagin. Ya lura in toron ya kwanta kusa da ƙafarsa ƙuda ba ya sakewa, caf ɗaya yake yi masa. Ya lura in shaho ya gifta, gashin kan toron yana miƙewa kamar tsintsiya, matan su karkata kai su dubi sama da ido ɗaya. In biyu sun haɗu bayan rabuwar ko da rabin awa ce, sai su tsaya suna gyaɗa wuya suna kaɗa jela kamar direbobin da suka haɗu a gidan mai. Ya raɗa wa toron suna Kwandasta, saboda ba abin da ke wucewa a gidan bai sa baki ba. Har hira yake yi masa.

"Kwandasta, yau ma ba ta ce ga ranar dawowa ba."

Kwandasta ya yi huci, ya kaɗa jela.

Layin alli ya kai ashirin da ɗaya, shiru. Ya kai ashirin da takwas, shiru. Fara ta rame, jan fuskarta ya koɗe. Kafinta ya leƙo ta kan katanga ya girgiza kai.

"Baragurbi take kwanci a kai, maƙwabci. Zafin kwano ya dafa su. In ba ka kwashe ba, a kansu za ta mutu."

Direba ya so ya tambayi matarsa, to amma a satin zazzaɓi ya kama Auta har an mayar da ita asibiti. Muryar Uwargida a waya ta yi sanyi. Ya ga ba lokacin maganar ƙwai ba ne.

Ranar da layi ya kai talatin da uku ya yanke shawara. Ya jira Fara ta sauko wanka, ya ɗauki bokiti ya hau tsani. Ƙwai goma sha huɗu ne, da ɗuminsu, sun yi santsi. Ya sa uku a bokiti. Da ya ɗauki na huɗu, sai hannunsa ya kai shi kunne, yadda ya saba kasa kunne ga inji kafin ya yarda da maganar makaniki. Ya riƙe numfashi. Can ciki ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan wani ɗan cui da ƙyar ake jinsa.

Saura kaɗan ya saki tsanin. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ja gashin ya lulluɓe su yadda ya tarar, ya sauko ya zauna a ƙasa yana haki.

Da yamma Uwargida ta kira da murya a sake, an sallami Auta. Sai da ya gama hamdala sannan ya ba ta labari.

"Bokiti? Malam! Wa ya ce maka kaza ce? Talatin da biyar suke yi!"

"Kafinta ne."

"Ka ce masa ya tsaya a kan katako."

"To yanzu in sun fito, ta ina za su sauko? Ba tsani za su bi ba."

"Tsalle za su yi, ba su da nauyi. Amma ƙasan nan siminti ne, ka shimfiɗa musu wani abu mai laushi. Kuma ka kulle toron, kada ya tattake su da rawar kai."

Shi a kan katako yake kwana saboda bayansa. Abu mai laushi ɗaya ne a gidan. Ya shiga ɗakinta ya jawo katifar gadonta, ya shimfiɗa a gindin bango.

Ranar talatin da shida da hantsi Fara ta sauko, amma ba ta nufi dusa ba. Ta tsaya kusa da katifar, ta ɗaga kai tana wani kira a hankali. Sai ga ɗan kai rawaya ya leƙo a bakin kwano. Ya yi jim, ya buɗe 'yan fuka-fukan da ba su kai ɗan yatsa ba, ya faɗo. Ya yi tsalle a kan katifar, ya mirgina, ya miƙe ya ruga wurin uwar. Na biyu ya biyo, na uku da na huɗu tare. Kafinta yana kan katanga yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ba shi ya yanke musu hukunci ba. Kwandasta yana ta huci a cikin keji. Goma sha ɗaya suka sauko.

Direba ya hau ya duba. Biyu ba su fashe ba. A gefen tayar kuwa ga wani ɗan baƙi, bai gama bushewa ba, ya kasa ɗaga kai. Ya ɗauke shi ya sa a aljihun ƙirjin rigarsa, ya rufe da hankici. Can ya wuni, da dare kuma a kwali kusa da kwalbar ruwan ɗumi.

Bayan kwana biyu Uwargida ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi Fara da jerin 'ya'yanta, ta dubi layukan alli, sannan idonta ya sauka kan katifar, wadda agwagin duka suka mayar wurin shan hantsi.

"Malam, wannan ba katifata ba ce?"

"Kin ce mai laushi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai aljihunsa ya yi cui. Ta matso ta ɗaga hankicin da yatsa. Ɗan baƙin ya zuro kai, ya tsattsagi zobenta.

"Ya ci abinci?"

"Sau uku yau. Ruwa ma da kansa ya sha."

"To ya isa komawa wurin uwarsa, tun ba ta manta da shi ba."

Direba ya dafe aljihun. "Da yamma," in ji shi. "Yanzu rana ta yi zafi."

Ta dube shi ta ƙasan ido, ta cire mayafi ta rataya a igiya.

"Kama can gefen," ta ce, ta sunkuya ta riƙe kusurwar katifar. "Ka bi a hankali, kada ka matse shi."